In Naka Sun Juya Maka Baya: Jawabi Ga Makiyaya Da 'Yan Kara

Wannan jawabi ɗaya daga cikin jami'an ƙungiya ne ya gabatar da shi a zaman mambobin reshen Nima da Maamobi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.

Iyayenmu ardo-ardo da sarakunan Fulani, malamanmu, alhazan kara, dillalai da mahauta, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da samari masu sanda, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku sannu da hanya. Waɗansu tun asuba suka taso daga Ashaiman, waɗansu daga Kasoa da Dodowa, har suka iso nan tsakiyar Ankara. Allah ya saka da alheri.

Kullum in muka taru, maganarmu ba ta wuce burtali da mashaya, da kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya tun daga Paga har karar Tulaku, da wahalar da 'ya'yanmu ke sha wajen neman katin ɗan ƙasa. Duk waɗannan suna nan, za mu koma kansu. Amma yau shugabanni sun ba ni izini in taɓa wani ciwo dabam, wanda ba a rubuta shi a takardar ƙorafi, watau halin mutumin da ya wayi gari ya ga nasa sun janye jiki daga gare shi. In an kashe shanu mukan ƙirga, mu rubuta, mu kai gaba. Mai shanun kuwa, in zuciyarsa ta mutu yana tsaye da ƙafafunsa, ba mai ƙirga shi.

Ga yadda abin yakan zo mana ofis. Mutum yana da garke a dajin Afram ko wajen Agogo, ya shekara ashirin yana kiwo. Rikici ya tashi, a harbe waɗansu, ɓarayi su kore waɗansu, sammore ya ƙarasa sauran. Ya sayar da 'yan tsirarun da suka rage ya biya tara da lauya, sa'an nan ya hau mota ya sauka Nima, don yana da ƙane a nan, ko suruki, ko maigidan da ya shekara goma yana sauke masa shanu yana cin la'ada. Makon farko a yi masa shimfiɗa a ɗaki. Mako na biyu shimfiɗa ta koma baranda. Kafin wata ya cika sai ka gan shi yana kwana a masallaci, in ya buga waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Matarsa ta tafi ganin gida ba ta dawo ba. Haka kuma ɗan karar da bashi ya karya. Kun tuna 2022, shekarar da sidi ya faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100. Mutum ya ɗauko tirela daga Fada Ngurma da kuɗin sefa, mahauta suka kwasa bashi, kafin su biya kuɗin ya zama ruwa. Wanda jiya in ya shigo kara mutum goma ke miƙewa, yau yakan zauna a gefen benci ba mai ce masa ga shayi. Ga kuma tsofaffinmu da suka sayar da bijimai suka tura yara Italiya da Jamus da Amurka. Wasu yaran suna aiko da kuɗi, amma muryarsu sai Salla.

Mu kuma da kunya aka rene mu. Bafulatani ba ya cewa yana jin yunwa a gidan surukai, balle ya ce zuciyarsa ta karaya. In ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Sai dai ka ga ya rame, ya daina zuwa jam'i, yana magana shi kaɗai.

To ni ba malami ba ne, mai sanda ne. Abin da zan faɗa abin da kunnena ya kwasa ne a zauren tafsirin watan azumi da wajen wazifa, kuma malamanmu suna zaune, su ne alƙalai. Sun karantar da mu cewa labaran da ke cikin Alƙur'ani mai girma suna da zahiri, watau abin da ya auku ga mutanen da aka ambata, a garinsu da zamaninsu, wannan kuwa gaskiya ne ba mai taɓa shi. Sa'an nan akwai ishara, watau abin da labarin yake nuna maka a cikin ƙirjinka yau. Irin wannan karatu ya yi ƙarfi a zangunanmu tun zuwan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ƙasar nan a farkon shekarun 1950, da tarbiyyar da almajiransa suka yaɗa a Kumashi da Tamale da nan Ankara. Na san a cikinmu akwai 'yan ɗariƙa, akwai Ahlussunna, kuma manya sun tuna jifa da sare-saren da aka yi kan wannan saɓani a shekarun 1990. Ba wannan ya kawo ni ba. Saniya ba ta tambayar ɗariƙar mai tatsarta, baƙin ciki ma haka. Labaran da zan kawo suna cikin littattafan da kowane ɓangare ya yarda da su.

Na farko labarin Ka'abu ɗan Maliku ne, Allah ya yarda da shi. Yana cikin Buhari da Muslim, kuma mai Riyadus Salihina ya kawo shi a babin tuba. A shekara ta 9 bayan Hijira aka fita yaƙin Tabuka, lokacin zafi ne, dabino ya nuna. Ka'abu yana da lafiya, yana da abin hawa, amma ya yi ta cewa gobe, har runduna ta yi nisa. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo, mutane suka yi ta zuwa da uzurin ƙarya ana karɓa. Shi kuwa ya faɗi gaskiya, ya ce ba shi da uzuri. Haka wasu mutum biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Aka hana kowa yi musu magana. Dare hamsin cur. Biyun nan suka kulle kansu a gida suna kuka. Ka'abu ya fi su ƙuruciya, yakan fita kasuwa, yakan je masallaci, ya yi sallama ba mai amsawa. Wata rana abin ya ishe shi, ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa, wanda ya fi so duk Madina, ya yi masa sallama, shi ma bai amsa ba. Ka'abu ya juyo hawaye na zuba. Da aka cika kwana arba'in aka ce su nisanci matansu ma.

Ku lura, shi wannan horo ne aka yi masa saboda abin da ya aikata. Makiyayin da shanunsa suka ƙare bai yi laifin kome ba, ban haɗa su ta nan ba. Inda na haɗa su shi ne abin da ake ji a ciki. Aya ta 118 a Suratut Tauba, da ta zo kan mutanen nan uku, ta ambaci ƙunci iri biyu, na ƙasa da na rai. To ina tambayarku, ku da kuka san faɗin ƙasa fiye da kowa, ku da kuka kora shanu da ƙafa daga Dori har bakin Volta, Madina ta ragu ne? Ko taku ɗaya ba ta ragu ba. Titunanta suna nan, dabinonta yana nan. A ƙirjin Ka'abu ta tsuke. Wannan shi ne abin da masu karatun ishara ke nuna mana, cewa duniyar da mutum yake zaune a ciki ba ita ce kawai wadda ake aunawa da igiya ba, akwai wadda zuciyarsa take shimfiɗa masa. Mutum biyu za su kwana a baranda ɗaya a Maamobi, sauro ɗaya ke cizonsu, ɗaya ya ga Ankara gari ne mai ƙofa dubu, ɗaya ya ga kabari ne da ba a rufe ba tukuna.

Na daɗe ina sauraron masu wannan hali, na kuma lura maganar zuci hawa-hawa take yi. Da fari takan ce, ƙanena bai ɗauki wayata ba. Wannan labari ne, ya faru, ba mai musu. Bayan kwana biyu sai ta ce, ai ba mai so na a duniya. Wannan kuma zato ne, don ba ka zagaya duniya ka tambaya ba. In aka bar ta sai ta hau mataki na uku ta ce, Allah ma ya manta da ni. Nan kuwa ba labari ba ne, ba zato ba ne, waswasi ne tsantsa. Aikin mai hankali shi ne ya tsare zuciyarsa a mataki na farko, ya ce mata: abin da na sani ke nan, ƙanena bai ɗauki waya ba, kada ki ƙara mini kome a kai. Kun san tafki in garke ya shiga ya dama shi, in ka leƙa ba ka ganin fuskarka, ba ka ganin sama, sai laka. Ba wanda yake gyara ruwan nan da hannu, in ka sa hannu ƙara dama shi kake yi. Janye shanun ake yi a jira ya kwanta. Zikiri da sallar dare da karatun Alƙur'ani, a fahimtata, janye shanun ne daga tafki. Ba su dawo maka da karsana ko ɗaya, amma sukan sa ruwan ya kwanta har ka ga abin da ke akwai da abin da babu.

Akwai wani wuri a labarin Ka'abu da nake so ƙwarai. Ya ce yakan yi salla kusa da Annabi yana satar kallonsa. In ya duƙufa cikin sallarsa sai Annabi ya dube shi, in ya waiwayo sai ya kau da kai. Watau duk kwanakin nan da yake ganin an yar da shi, ana kallonsa, ana lura da shi, shi ne dai ba a bari ya haɗa ido ba.

Sa'an nan ga wasiƙa. Yana yawo a kasuwa sai ga wani baƙon ɗan kasuwa daga Sham, mai sayar da abinci, yana cigiyarsa. Mutane suka nuna shi da hannu, tun da ba a yi masa magana. Baƙon ya miƙa masa takarda daga sarkin Gassan. Abin da ke ciki shi ne an ji mutanenka sun wulaƙanta ka, kai kuwa ba mutumin wulaƙanci ba ne, taho wurinmu mu girmama ka. Ka'abu ya karanta, ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya jefa ta a tanda ta ƙone.

Samari, ku buɗe kunne a nan. Sarkin Gassan bai mutu ba, wasiƙarsa ce ta koma cikin wayar hannu. Tun 2015 da wuta ta kama a Burkina Faso, masu ɗauke da bindiga a daji ba su neman yaron da ke da garke da uwa da ke jiransa da fura. Wanda suke nema shi ne wanda zuciyarsa ta riga ta hau mataki na biyu, mai cewa ba ni da kowa. Sukan aiko da murya da harshenmu, su lissafa masa zaluncin da aka yi wa Fulani, kuma abin takaici wani lissafin gaskiya ne. An kashe mutanenmu 13 a Zamashegu ta gundumar Gushegu a Disamba 2011. An yi korar da aka sa wa suna Cowleg, watau ƙafar saniya, a 1988 da 1989, aka maimaita a 1999 da 2000. Babbar kotun Kumashi ta ba da umurnin fitar da shanu daga ƙasar Agogo a Janairu 2012. A Yuli 2023 an mayar da ɗaruruwan masu neman mafaka Burkina, akasarinsu mata da yara, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwarta. Duk wannan ƙungiya ta sani, kuma a kansa muke faɗa da takarda da lauya, muna riƙe da yarjejeniyar kiwo ta ECOWAS ta 1998. Amma sarkin Gassan ma ai ba ƙarya ya yi ba da ya ce an ƙaurace wa Ka'abu. Da gaskiya ya yi tarkon. Akwai kuma ƙananan wasiƙu, su tiramadol da ake sayarwa a lungu, da abokan da ke cewa zo mu kore na wani tun da an kore naka. Duk tanda ɗaya ta dace da su.

Ranar da aka cika hamsin, bayan sallar asuba, Ka'abu na zaune a kan soron gidansa sai ya ji wani ya hau dutsen Sal'u yana kwaɗa masa kira da bushara. Ya tafi masallaci. Cikin Muhajirai mutum ɗaya ne ya taso da sauri ya yi masa musafaha, shi ne Ɗalha ɗan Ubaidullahi, kuma an ce Ka'abu bai taɓa manta masa da wannan ba. Hannu kawai ya ba shi, bai ba shi raƙumi ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ko shugaban halitta bai tsira daga irin wannan daren ba. A Makka wahayi ya yanke masa na wani lokaci, har maƙiya suka samu abin gori, suna cewa wanda ke zuwa masa ya rabu da shi. A kan haka Suratud Duha ta sauka, sura ta 93, ayoyinta 11, yaranmu na makarantar allo duk sun haddace ta. Ta buɗe da rantsuwa da hantsi da kuma dare, malamai suka ce a nan akwai ishara, cewa zuciya ma tana da hantsinta da darenta, wanda Sufaye ke kira buɗi da ƙunci, kuma Mai hantsin shi ne Mai daren. Ta kore zancen an rabu da shi, sa'an nan ta tuna masa da maraicinsa da yadda aka tattare shi. Mu makiyaya muna da misalin wannan a ƙofar rugarmu kowace safiya. In za a saki shanu akan ɗaure maruƙa a dangwali. Uwa ta tafi, ɗan maraƙi ya yi ta kuka yana jan igiya, a ganinsa an yar da shi. Kai da ka ɗaure shi ka san dalili, ka san ƙafarsa ba ta kai tafiyar ba, ka san da kura a daji, ka kuma san da yamma hantsar uwar za ta dawo a cike. Ba ka iya yi masa bayani don ba ya jin harshenka. Allah ya fi ƙarfin misali, amma tsakanin saninmu da nasa ya fi tsakanin maraƙi da makiyayi nisa.

Sai Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Malamai da yawa sun ce surarsa ta sauka ne a shekarun da Annabi ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalibi, don ta lallashe shi. Gidan Annabi Yaƙubu mutanen daji ne irinmu, ƙarshen surar ma ya nuna daga ƙauye aka kawo su Masar. Wanda ya jefa Yusufu a rijiya ba baƙo ba ne, ba manomi ba ne, ba ɗan sanda ba ne, yayyensa ne uba ɗaya. Suka shafa wa rigarsa jinin ƙarya suka dawo da dare suna kuka. To abin lura, ba a gidan mahaifinsa da ake shagwaɓa shi aka fara yi masa wahayi ba, a aya ta 15 ne, daidai lokacin da aka zura shi cikin rijiya. Da murya ta ɗauke ta ko'ina, sa'an nan ya ji wadda ba ta ɗaukewa.

Waɗansu malaman Sufaye na da sun ƙara zurfafawa. Suka ce a cikin kowane mutum akwai Yusufu, shi ne zuciya, akwai Yaƙubu, shi ne ruhi da ke begenta, akwai kuma yayye, su ne ido da kunne da ciki da sauran sha'awoyin jiki da ke kishin zuciya su jefa ta a rami. In ka ɗauki wannan ishara, sai ka ga wani abu mai ɗaci. Tun kafin ƙanenka ya daina ɗaukar wayarka, wataƙila an daɗe da jefa zuciyarka a rijiya, lokacin da shanu suka yi yawa, lokacin da ba ka san kanka da wani suna ba sai mai ɗari biyu, mai tirela uku. Mu kuwa wannan ciwon ya fi kama mu, don a wurinmu mutum da garkensa kamar abu ɗaya ne. In garken ya tafi sai ya ga shi ma ya tafi. Alhali wanda aka hura wa rai tun yana cikin uwarsa bai zo da ko akuya ba, kuma shi ne har yanzu yake zaune a barandar nan. Waɗanda suka gudu, da yawansu ba kai suka guda ba, don dama ba kai suka sani ba, shanun suka sani, suka bi su. Wannan ba ya hana zafi, amma yakan rage wa mutum tambayar me na yi musu.

Kada kuma wani ya ce kuka rashin imani ne. Annabi Yaƙubu ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, kuma annabi ne ɗan annabi. Abin da ya yi shi ne ya san inda yake kai ƙararsa, bai kuma yanke ƙauna ba, har ya sake tura 'ya'yan nan su je cigiya. Kunyarmu abu ne mai kyau, amma kunyar da za ta sa dattijo ya haɗiye baƙin ciki har ya faɗi, ba ta fi ta Annabi Yaƙubu ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu da shanunmu ke nan tukuna, don ina jin tsoron wani abu. Ina tsoron wani ya fita daga nan ya ce madalla, ashe abin duk a zuci yake, in ɗan'uwana ya zo sai in ce masa je ka yi zikiri, ka yi haƙuri, Allah na nan. Wallahi wanda ya yi haka ya karanta surar a juye. Ishara ta mai rijiya ce, shi ake ba wa ita don ya rayu a ciki. Ba a ba wa yayye ita don su wanke hannu ba. A ƙarshen labarin sai da suka tsaya gaban Yusufu suka amsa laifinsu, suka koma gaban mahaifinsu suka roƙi ya nema musu gafara. Ita ma Suratud Duha da ta gama lallashi, da umurni ta rufe, a kan maraya da mai roƙo. Yanke zumunta kuwa ba malamin da bai sa shi cikin manyan zunubai ba. Sa'an nan Yusufu bai fito da kansa ba. Ayari ne ya sauka, suka aiki mai ɗebo musu ruwa, ya zura guga. Allah ne ya fitar da shi, amma da igiyar wani bafatake.

Unguwar nan da muke zaune ma a kan haka aka kafa ta. Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, shi ya karɓi filin nan daga gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930 don ya samu inda zai tsayar da dabbobi, baƙi suka yi ta sauka wurinsa har ya zama gari. Zango ai ma'anarsa ke nan, inda matafiyi ke sauke kaya. Tsofaffinmu sun ga ranar 18 ga Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. An raba mata da miji, an bar gidaje da kaya, amma ku tambaye su, za su ba ku labarin maƙwabtan da suka riƙe wa mutum ɗansa ko ɗakinsa shekara da shekaru. Kakanninmu kuma suna da habbanaye. In garken mutum ya ƙare, ɗan'uwa ko aboki ya ɗaure masa karsana, ya riƙe ta ya sha nono, ta haifa masa biyu ko uku su zama nasa, sa'an nan ya mayar da uwar. Ba takarda, ba ruwa a kai. A Nijar har gobe ana yi. Mu da muka shigo birni muka koyi asusun banki, mun bar wannan ya kwanta.

Don haka ga abin da kwamitin reshe ya amince a kawo gabanku. Za a buɗe littafi a ofis, a rubuta sunan duk mamban da ya rasa garkensa ko jarinsa, da wanda ke tsare a Nsawam ko wani gidan yari, da wanda ke kwance a asibiti, da tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Littafin a hannun mutum biyu zai tsaya, ba za a karanta shi a taro ba, don mun san halinmu, in za a tona asiri ba mai zuwa. Kowace Juma'a bayan an sauko, mutum uku za su zagaya. Ba sai da kuɗi ba, zumunta a ƙafa take, kuma kun ji abin da hannun Ɗalha ya yi. Wanda yake da hali ya ɗaure karsana, ya gaya wa ardonsa, ardo ya gaya mana, mu haɗa shi da mai bukata a gaban shaidu. Alhazan kara kuma muna roƙonku, dillalin da ya karye kada a kore shi daga benci, a riƙa ba shi sa ɗaya ko biyu ya sayar ya ci la'ada, hannunsa kada ya manta sana'a.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon malamai su taya mu faɗarsa a masallatai. In kuka ga mutum ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ko ya fara cewa gara ya huta da duniya, to wannan ya wuce a ce masa yi haƙuri. A yi masa addu'a, a kuma kama hannunsa a kai shi asibiti, kamar yadda ba ma tsayawa ga tofi kaɗai in ciwon huhu ya shiga garke. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Adabraka, akwai na Pantang, ko a fara da asibitin Maamobi da ke kusa. Kada tsoron hukuma ya hana, domin tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu. Kada kuma a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Masu son shiga zagayen Juma'ar nan mai zuwa su tsaya bayan addu'a su ba sakatare sunansu. 'Yan Ashaiman su ga wakilinsu a Tulaku ranar kasuwa. Malam, bisimilla, a rufe mana da addu'a.